Ko Ka San Abin Da Sigina Ke Nufi Idan Ta Sauya Ƙiftawa?

Ko ka san cewa saurin da siginar mota ke ƙiftawa yana da ƙa'ida? A Turai da Amurka, an tsayar da cewa ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. To ranar da ka kunna sigina ka ji ƙarar ta ninka sauri, kibiyar da ke gabanka tana ta rawar jiki, kada ka yi saurin cewa wayarin motar ya rikice. Da gangan masu ƙera motar suka tsara haka, don su gaya wa direba cewa ƙwai ɗaya ya mutu a gefen da ya kunna. Mutumin da ke riƙe da sitiyari ba ya ganin fitilarsa ta baya, dole a sanar da shi ta kunne.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙwan sigina na gargajiya wat 21 ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya, wasu motocin kuma da ƙarami mai wat 5 a gefen bodi. A batir mai bolt 12, waɗannan suna jan wutar da ta kusa amfiya 4. Ɗan akwatin nan da ke katse wutar yana mayarwa, wato filasha, yana auna abin da ake ja. Da ƙwai babba ɗaya ya ƙone, jan ya ragu kusan rabi, sai ta hau sauri.

Tsohuwar filasha kuwa akasin haka take yi, shi ya sa ya kamata ka san irin wadda ke cikin motarka. A cikinta akwai siririn ƙarfe da wuta ke ratsawa. Idan ya yi zafi ya lanƙwashe ya saki, idan ya huce ya koma ya kama. Wutar ƙwai ɗaya sau da yawa ba ta isa ta zafafa shi, sai fitilar ta tsaya a kunne ƙyam, ko ta riƙa ƙiftawa da ƙyar. Ƙarar nan da kowa ya sani daga motsin wannan ƙarfe ta samo asali, tun zamanin da kamfanin Buick na Amurka ya fara fito da motoci da sigina mai ƙiftawa a 1939. Kafin abin ya yaɗu, motoci da dama, musamman na Ingila, wani ɗan hannu mai fitila ne ke miƙewa daga gefensu. A motocin yau da yawa babu filasha sam, kwamfutar motar ce ke kunnawa da kashewa, ƙarar kuma wata 'yar lasifika ce ke kwaikwayo, don kunnen direbobi ya riga ya saba.

Daga nan ake gane kukan da masu sauya ƙwai zuwa LED ke yi. Ƙwan LED wuta kaɗan yake ja, sai filasha ta ɗauka ƙwai ne ya mutu, alhali duka suna kamawa. Wasu masu wayarin suna ɗaura razista mai om 6 don ta cinye rarar wutar. Tana aiki, amma tana zafi sosai, kuma idan aka jingina ta da roba sai ta narka ta. Inda motar ke da filashar da ake cirewa, a ganina gara a sayi wadda aka yi don LED a huta.

Idan kuma sigina ta ɗauke gaba ɗaya, kafin a kwance ko sukuru guda, danna maɓallin hazad mai jan kusurwa uku. Idan fitilu huɗu suka kama daidai, ƙwayayen lafiya suke, wayoyinsu ma haka, saura fiyus ɗin sigina da makunnin da ke jikin sitiyari, da filasha idan hazad na da tata daban. Hazad daga batir kai tsaye yake shan wuta, sigina kuwa sai an murɗa makulli, shi ya sa fiyus ɗinsu kan bambanta. A tsofaffin motoci da yawa wutar sigina ta cikin maɓallin hazad take bi, har ya zama datti a cikinsa kaɗai ya kashe sigina ta ɓangarorin biyu. Wani lokaci danna shi sau da yawa a jere yana farfaɗo da ita na ɗan lokaci, kuma wannan ya isa shaida.

Amma matsalar da ta fi ruɗa mutane, har a kai ga yanka wayoyi masu lafiya, ita ce ta at, wato hanyar komawar wuta. Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo. Waya ce ke kai ta wurin ƙwai, amma hanyar komawa batir ƙarfen bodin motar ne kansa. Fitilar baya, mai ɗauke da sigina da birki da fakin da ribas, galibi waya guda ce ke haɗa su duka da bodi, a ɗaure da noti. Ruwan damina ya shiga ta tsagewar gilashi, ko ruwan wankin mota, tsatsa ta ci wurin. Ko kuma an kai motar gyaran bodi, mai fenti ya feshe wurin aka mayar da notin a kan fenti. Wutar sigina ta zo komawa ta tarar babu hanya, sai ta yi abin da ruwan sama kan yi idan ya iske kwata a toshe: ta bi gidan maƙwabta. Ta ratsa ƙwan fakin ko na birki ta baya, ta bi wayarsu zuwa ɗaya gefen inda at ke da kyau. Abin da na bayanka zai gani shi ne fitilu uku suna ƙiftawa tare a dushe, ko sigina ta tsaya cak duk lokacin da ka taka birki.

Gwajinsa da guntun waya ake yi. A sa baki ɗaya a wurin at na fitilar, ɗayan a kan wani noti mai tsabta a jikin bodi. Idan komai ya daidaita nan take, an kama mai laifi, sauran aiki a kankare wurin har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris.

Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka suna da ƙarin abin lura. Dokar can ta yarda siginar baya ta zama ja, kuma a wasu motocin ƙwai guda ne ke aikin birki da sigina. A tsofaffin irinsu wutar birki ta makunnin sitiyari take ratsawa, don haka lalacewarsa na iya tafiya da fitilar birki, mai gyara yana can yana nema a ƙarƙashin feda.

Fiyus ɗin da ya ƙone aka sa sabo ya sake ƙonewa, waya ce ta goge tana taɓa bodi a wani wuri, sau da yawa inda ake yawan lanƙwasa ta, ko inda wani ya taɓa haɗi ya naɗe da tef, ko inda ɓera ya yi ɓarna. Launin fiyus yana nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Mai cire ja ya cusa rawaya, ko ya naɗa zaren waya a madadinsa, ya mayar da wayar motar kanta fiyus, kuma ita idan ta tashi ƙonewa a cikin damin wayoyi take yi, bayan dashbod, inda ba a gani sai hayaƙi ya fito.

A babur da keke mai ƙafa uku kuwa, sigina mai kasala da ke farfaɗowa idan an ja totur, batir ne ya yi sanyi. A fara auna shi kafin a sayi filasha.