Kujerar Da Magajiyar Berlin Ta Bari

A daren 12 ga Fabrairu, 2023, da aka gama ƙirga ƙuri'u a Berlin, lissafi yana bayan magajiyar garin, Franziska Giffey. Berlin birni ne kuma jiha ce mai cin gashin kanta cikin jihohi 16 na Jamus, kamar Hamburg da Bremen, don haka magajin garinta daidai yake da gwamna. 'Yan majalisar jiha ne ke zaɓensa. A wannan zaɓe majalisar ta fito da kujeru 159: CDU ta masu ra'ayin riƙau ta sami 52, SPD ta Giffey 34, jam'iyyar masu kare muhalli ta Greens 34, Linke ta masu ra'ayin gurguzu 22, AfD kuma 17. Duk wanda ya haɗa 80 ya kafa gwamnati.

Ƙawancen da ke mulki a lokacin, wato SPD da Greens da Linke, yana da kujeru 90. Babu dokar da ta ce dole jam'iyyar da ta zo ta ɗaya ce za ta kafa gwamnati. Bisa al'ada kuma, babbar jam'iyya a cikin ƙawance ita ke ba da shugaba, kuma SPD ta tsere wa Greens da ƙuri'u 53 kacal. Kujera dai tata ce. Amma a farkon Maris sai Giffey ta nemi jam'iyyarta ta shiga tattaunawa da CDU a matsayin ƙaramar abokiyar tafiya, ta bar wa Kai Wegner na CDU shugabanci. Me zai sa mai riƙe da mulki ta sake shi ba tare da an ƙwace ba?

Bakin zaren yana cikin dalilin da ya sa aka yi zaɓen. A ranar 26 ga Satumba, 2021, an haɗa zaɓen tarayya da na jiha da na gundumomi da ƙuri'ar raba gardama a rana guda, ranar da ake gasar gudun fanfalaki ta Berlin, tituna a rufe. Takardun ƙuri'a sun ƙare a wasu rumfuna, an kai na wata mazaɓa zuwa wata, mutane na kan layi har bayan ƙarfe shida na yamma. A watan Nuwamba na 2022 kotun tsarin mulki ta jihar ta soke zaɓen jiha da na gundumomi baki ɗaya, ta ce a sake su. Tun 2001 har zuwa lokacin SPD ke riƙe da kujerar magajin gari, saboda haka ita aka fi ɗora wa laifin birnin da ya kasa shirya zaɓe.

Daga nan sai a dubi taswirar sakamako. SPD ta tashi da kashi 18.4 cikin ɗari, mafi muni da ta taɓa samu a zaɓen majalisar jihar tun bayan yaƙin duniya na biyu har zuwa lokacin, CDU kuwa ta haye kashi 28.2. Cikin mazaɓu 78, huɗu kawai SPD ta ci kai tsaye. Ita kanta Giffey ta faɗi a mazaɓarta ta Neukölln, gundumar da ta taɓa shugabanta, sai ta jerin sunayen jam'iyya ta shiga majalisa. Doka ta ba ta damar zama, amma da wane ido za ta dubi mutanen da suka juya mata baya?

Cikin gida ma ba a zaune lafiya ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 2021 mafi yawan masu zaɓe sun amince a karɓe gidajen manyan kamfanonin haya a mayar da su hannun hukuma. Linke ta riƙe wannan batu da ƙarfi, Giffey kuwa ba ta taɓa ɓoye adawarta da shi ba. Tsakaninta da Bettina Jarasch ta Greens, mai kula da sufuri, an yi ta sa-in-sa a kan hana motoci bin wani ɓangare na titin Friedrichstrasse. Ga shi yanzu jam'iyyun biyu sun yi kunnen doki a yawan kujeru. Wanda ka fi da ƙuri'a 53 ba zai yarda ka yi masa kallon ƙane ba.

Akwai wani lissafin kuma da ya fi kowane nauyi. CDU da SPD sun haɗa kujeru 86, haka ma CDU da Greens 86 cif. Wegner ya zauna da ɓangarorin biyu. Da Greens sun riga su cimma matsaya da shi, da SPD ta wayi gari a ɓangaren adawa hannu rabbana. Da hanau gara mannau. Giffey ta ba da kujera ɗaya, jam'iyyarta ta karɓi biyar daga cikin ma'aikatu goma, daidai da CDU da ta fi ta da kujeru 18. Ita kanta ta zama mataimakiyar magajin gari mai kula da tattalin arziki.

Tsugune ba ta ƙare ba. Da aka miƙa yarjejeniyar ga 'ya'yan SPD, kashi 54.3 ne kawai suka amince, matasan jam'iyyar kuma suka yi ta yaƙi da ita a fili. Wannan ɓaraka ta biyo su har zauren majalisa a ranar 27 ga Afrilu. A zagayen farko Wegner ya sami ƙuri'u 71, wato ya gaza adadin kujerun ƙawancensa da 15. A na biyu ya sami 79, saura ɗaya. Sai a zagaye na uku ya sami 86. AfD ta yi iƙirarin cewa wasu 'ya'yanta ne suka taimaka masa, sabon ƙawancen ya musanta, kuma da yake ƙuri'ar ta sirri ce babu sunan kowa a kan takarda. Abin da ke bayyane shi ne adadin ya zo daidai da kujerun CDU da SPD. Wegner ya zama ɗan CDU na farko da ya hau kujerar tun bayan saukar Eberhard Diepgen a 2001.

Amsar ke nan. Giffey ta auna kujerar da za ta riƙe da raunin ƙafa, a tsakanin abokan da ba sa jituwa da ita, ta kuma auna rabin gwamnati da za a iya samu da tabbaci, sai ta zaɓi na biyun. Akwai dabarar siyasa a ciki, amma akwai kuma amincewa da hukuncin jama'a, kuma a ganina ta yi daidai. Yawan kujeru yana ba shugaba damar hawa mulki, amma yardar mutanen gari ce ke ba shi ƙarfin tafiyar da shi.