Tuvalu: Inda Jirgin Ruwa Ɗaya Ke Ɗaukar Ɗan Majalisa da Mai Naƙuda

'Yar'uwa, ki kwatanta ƙasar da mutanenta duka ba su wuce dubu goma sha ɗaya ba. Ita ce Tuvalu, tsibirai tara a tsakiyar tekun Fasifik, faɗin ƙasarta gaba ɗaya murabba'in kilomita 26. Ta sami 'yancin kai daga Birtaniya ranar 1 ga Oktoba, 1978.

Majalisarsu kujeru 16 ne. Mazaɓu takwas, kowace na tura mutum biyu. Ƙaramin tsibirin Niulakita an haɗe shi da Niutao. Jam'iyya kuwa babu ko ɗaya. Kowa da sunansa yake tsayawa, da sunan gidansu, da abin da aka san ya yi wa tsibirinsa. In an gama zaɓe, 'yan majalisar su zauna su fitar da firaminista daga cikinsu.

A zaɓen 26 ga Janairu, 2024, firaminista mai ci, Kausea Natano, ya rasa kujerarsa ta Funafuti, babban birnin. Sai kuma teku ta ƙi kwanciya. Waɗanda suka ci zaɓe a tsibiran nesa suka kasa tsallakowa, ƙasa ta yi wata guda cur tana jira kafin a tsayar da Feleti Teo ranar 26 ga Fabrairu.

Nan ne labarin ya taɓa ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Asibiti ɗaya tak ƙasar take da shi, Princess Margaret, a Funafuti. Sauran tsibiran ƙananan ɗakunan shan magani ne, akasari nas-nas ke riƙe da su. Ɗan majalisa zai iya jiran teku ta lafa. Mace da mahaifa ta tare wa hanyar haihuwa, ko wadda jini ya ɓalle wa, jira nawa za ta iya? Na sha riƙe hannun irin waɗannan matan ana neman mota da tsakar dare, kuma mu hanyarmu ƙasa ce.

To su wa ke yanke shawarar kuɗin jirgin da na maganin? Tun 1978 mata uku kacal suka taɓa shiga majalisar. Naama Maheu Latasi ce ta fara a 1989, har ta riƙe ma'aikatar lafiya da ilimi. Pelenike Isaia ta shiga a 2011, a zaɓen cike gurbin kujerar mijinta da ya rasu. Ta uku, Dakta Puakena Boreham, likita ce da ta yi aiki a wannan asibitin. Ta ci a 2015 da 2019, ta faɗi a 2024. Da aka ƙirga ƙuri'u a wannan shekarar, kujeru 16 duk maza ne.

A ganina rashin jam'iyya bai sauƙaƙa wa mata ba. Inda kowa ɗan'uwan kowa ne, tun a zauren dattawa ake gama magana kan wanda dangi za su mara wa baya, kuma a can muryar maza ce ke da nauyi.

Ga shi wannan majalisar ce ke riƙe da batun da ya fi komai girma. Wurin da ya fi tudu a ƙasar bai kai mita biyar sama da teku ba, ruwan gishiri na shiga ramukan da ake shuka pulaka, wani irin gwaza da iyalai ke ci. A 2023 Tuvalu ta ƙulla yarjejeniya da Ostireliya wadda ta ba mutum 280 damar ƙaura can kowace shekara. Uwa a Nui ko Nanumea yanzu tana lissafin ko 'ya'yanta za su girma a gida, ko a sa sunansu cikin masu neman tafiya.