Kifin zaki da saurinsa

A cikin teku akwai wani kifi da ake kira kifin zaki. Da Faransanci ana ce masa « poisson-lion ». Jikinsa zane-zane ne, ja da fari, kuma fukafukansa a baje suke kamar gezar zaki. Yana da ƙayoyi 18 masu dafi. Wanda ƙayar ta soka zai sha zafi ƙwarai.

Asalin wannan kifi Tekun Indiya ne da Tekun Pasifik. Mutane sun ɗauke shi, sun kai shi Amurka don su riƙa kallonsa cikin akwatin gilashi. Ana zaton wasu ne suka sake shi a teku. A shekarar 1985 aka fara ganinsa a gaɓar Fulorida, daga nan ya bazu har tsibiran Karayib. A can ya zama mugun baƙo. Ba shi da abokan gaba da yawa, ga shi da haɗama. Yana cinye ƙananan kifaye, har da ƴaƴan waɗanda masunta ke jira su girma.

Abin mamaki, kifin zaki ba shi da sauri. To, yaya yake kama kifayen da suka fi shi gudu? Don a gane wannan, sai an auna saurinsa.

Auna saurin yaro mai gudu ba wuya: a san tsawon fili, a duba agogo, a raba nisa da lokaci. Amma a ƙarƙashin teku babu fili mai layi, kuma kifi ba ya bin hanya miƙaƙƙiya. Yana hawa, yana sauka, yana juyawa.

Saboda haka masu bincike suna nutsewa da kamara biyu da aka ɗaure a kan sanda ɗaya. Kamara ɗaya ba ta isa ba. Mutum ma in ya rufe ido ɗaya, zura zare a allura sai ya yi masa wuya, domin ido biyu ne ke gane nisa. Kamarorin suna ɗaukar hotuna da yawa cikin sakan ɗaya. Bayan an fito, kwamfuta tana gwada hotunan, ta nuna inda kifin yake a kowane lokaci. Misali, in ya yi santimita 60 cikin sakan 10, saurinsa santimita 6 ke nan a sakan.

Akwai sauran aiki. Ruwan teku yana tafiya, yana tura kifi ko yana ja da shi baya. Dole a auna saurin ruwan shi ma. Kuma mai nutso ba ya matsawa kusa, kada kifin ya tsorata ya sake tafiyarsa.

A shekarar 2022 wasu masana a Kaliforniya sun bayyana abin da suka gani a ɗakin bincike. Saurin kifin zaki wajen rabin na ƙaramin kifin da yake bi ne. Amma ba ya tsayawa. Ƙaramin kifi yakan yi gudu, ya dakata, ya sake gudu. Shi kuwa kifin zaki yana matsowa sannu sannu. Da ya zo daf, sai ya wage baki farat ɗaya, ya zuƙe shi tare da ruwa.

Rashin saurinsa ya taimaki masu nutso na Karayib. Suna iso shi, su soke shi da mashi. In an yanke ƙayoyin, namansa fari ne mai daɗin ci.