Fina-finan Tailan a waya: mene ne BL, nawa yake cin data, kuma wace alama yake bari?

Kafin wayar Android ta yawaita, abu biyu aka fi sanin ƙasar Tailan da su a Arewa: shinkafa 'yar buhu da ke gogayya da ta manoman Bakalori a kasuwa, sai kuma Tony Jaa, jarumin fim ɗin Ong-Bak na 2003 da ke faɗa da gwiwa da gwiwar hannu. Yanzu an samu na uku. Matashin da ke zaune a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, yana cikin jan allo a TikTok ko Facebook sai ya ci karo da guntun bidiyo na daƙiƙa talatin: samari biyu cikin farar riga irin ta 'yan jami'a, ga kiɗa mai taushi, ga rubutun Turanci a ƙasa. Sau tari bai nemi bidiyon ba, bai ma san daga wace ƙasa ya fito ba. Ga abin da ke bayan wannan guntun bidiyo.

Ba duka fina-finan Tailan ne iri ɗaya ba

Wasan kwaikwayon talabijin mai dogon zango a can lakorn ake ce masa, kuma mafi yawansa labarin soyayyar mace da namiji ne, da rikicin gado, da gabar dangi, abin da mai kallon fim ɗin Indiya ba zai yi baƙunta da shi ba. Love Destiny na 2018 irin wannan ne. Haka F4 Thailand na 2021. Girl from Nowhere, wanda Netflix ya yaɗa, shi labarin ban tsoro ne a makarantun sakandare.

BL wani reshe ne daban. Haruffan na nufin labarin soyayya tsakanin namiji da namiji. Idan mace da mace ne sai a ce GL, kamar GAP: The Series na 2022. 'Yan Tailan ɗin da kansu "series Y" suke cewa. Asalin abin daga Japan ne, cikin littattafan zane da mata suka riƙa rubuta wa 'yan mata tun shekarun 1970. A Tailan ya shiga talabijin sosai da Love Sick a 2014, sannan SOTUS na kamfanin GMMTV a 2016. Amma wanda ya fitar da shi duniya shi ne 2gether, da aka haska daga Fabrairu zuwa Mayun 2020, daidai lokacin da korona ta kulle mutane a gida. Jarumansa biyu, Bright Vachirawit da Win Metawin, sun yi suna daga Filifin har Kudancin Amurka cikin 'yan makonni.

Wani abu da mai karatu zai gane nan take: yawancin waɗannan fina-finai daga littattafan intanet aka ɗauko su, irin waɗanda ake sakin su shafi-shafi. Wanda ya san yadda littattafan soyayya na Hausa suka tashi daga bugun takarda suka koma WhatsApp da Wattpad ya riga ya san rabin labarin. Kuma kamar a nan, mata matasa ne ƙashin bayan masu karatu da masu kallon.

Me ya sa ake samunsu kyauta?

Domin fim ɗin ba shi ne hajar ba. GMMTV na ɗora shirinsa a YouTube da fassarar Turanci, ya raba kowane kashi gida huɗu, shi ya sa ake ganin 1/4 da 2/4 a jikin suna. Kowane yanki da tallarsa. Cikin fim ɗin ma talla ce: jarumi ya tsaya tsakiyar rigima ya sha shayin kwalba, tambarin na fuskantar kyamara. Babban kuɗin kuwa yana zuwa daga baya, ta tarukan ganawa da masoya, da sayar da riguna da hotuna, da kwangilar talla da ake ba jaruman biyu-biyu. Kamfani kan haɗa 'yan wasa biyu ya riƙa tallata su tare shekara da shekaru, ko da a zahiri abokan aiki ne kawai. Masu shirya Izzar So da Labarina sun gano ɓangaren YouTube na wannan lissafi a 2020 ɗin nan. Ɓangaren sayar da kaya ne Kannywood ba ta kai gare shi ba tukuna.

Wasu shirye-shiryen ba sa YouTube, sai a manhajojin biya irin iQIYI da Viu da WeTV da Netflix. KinnPorsche na 2022, alal misali, a iQIYI aka saki cikakkensa, kuma na manya ne zalla, da harbe-harbe da fitowar da ba ta yara ba. Tashoshin Tailan na saka alamar shekaru, 13+ ko 18+, a farkon shiri. Guntun da ke yawo a TikTok ba ya zuwa da wannan alama.

Lissafin data

Nan ne aljihu ke magana, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince a Janairun 2025 kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

YouTube da kansa ya bayyana saurin intanet da kowane matakin hoto ke buƙata: kimanin megabit 0.7 a daƙiƙa ga 360p, 1.1 ga 480p, 2.5 ga 720p. Idan aka buga lissafi a kan kashi ɗaya mai minti 45, 360p zai ci wajen megabait 240, 480p wajen 370, 720p kuwa ya doshi 840. Kiyasi ne, yana ɗan hawa yana sauka, amma ya isa a yi tsari da shi. Shiri mai kashi 13 kamar 2gether ke nan gigabait uku da ɗoriya a 360p, ko kusan goma sha ɗaya a 720p. A allon waya mai inci shida, bambancin da ido ke gani bai kai bambancin da aljihu ke ji ba. Wannan lissafi ɗaya ne ko fim ɗin Koriya ne, ko na Turkiyya, ko Labarina.

Matsalar ita ce YouTube kan zaɓi matakin hoto da kansa. Inda sabis ya yi ƙarfi, kamar cikin garin Talata Mafara kusa da Kwalejin Abdu Gusau, sai ya ɗaga hoton ba tare da ya tambayi kowa ba. Maganinsa a shiga saitin ingancin bidiyo a zaɓi na tsimin data, ko a riƙa saita 360p da hannu.

Akwai wani sirri da ke sa ƙaramin hoto ya wadatar. Rubutun fassarar YouTube, wanda ake kunnawa da maɓallin CC, ba a jikin bidiyon yake ba. Waya ce ke rubuta shi a kan allo, don haka yana fitowa tas ko a 240p. Kwafin da aka sato aka manna masa rubutu a jiki shi ne ke dusashewa idan aka matse fayil ɗin, har a kasa karantawa. Kuma manhajojin sauke bidiyo na bayan fage sukan sauko da hoto da murya su bar fassarar a can. Mutum ya ƙona megabait ɗari uku ya buɗe ya tarar da yaren Tai tsantsa.

Fassara zuwa Hausa: inda na'ura ke tuntuɓe

Babu Algaita a wannan fage. Abin da ake da shi shi ne fassarar na'ura, wadda ke juya rubutun Turancin zuwa Hausa. Ke nan magana ta bi gada biyu, daga Tai zuwa Turanci, daga Turanci zuwa Hausa, kuma a kowace gada ana zubar da kaya.

Babban abin da ke zubewa shi ne jinsi. Bahaushe ba ya magana da mutum sai ya bambance "ka" da "ki". Turanci kalma ɗaya gare shi ga duka biyun, don haka na'ura canka take yi. Sai a ga namiji na ce wa namiji "ina son ki", ko mace ta koma "shi" a tsakiyar zance. Abu na biyu girmamawa ce. 'Yan Tailan na kiran wanda ya girme su Phi, wanda suka girma kuma Nong, kusan yadda ake cewa Yaya da ƙane a nan, ko babu dangantakar jini. Shi ya sa ake ganin P' a gaban sunaye. Na'ura ba ta san wannan ba, takan bar harafin haka nan ko ta jefar. Wanda ya riƙe waɗannan kalmomi biyu zai fi fahimtar wane ne babba a zance fiye da wanda ya dogara ga fassarar kaɗai.

Darasin Satumbar 2021

Mutanen Zamfara sun san abin da sauran 'yan Najeriya ba su ɗanɗana sosai ba. A ranar 3 ga Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, zamanin Gwamna Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne. An ce mako biyu, amma Gusau ba ta samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A tsawon wannan lokaci memori da Xender da shagon masu tura fina-finai su ne intanet ɗin gari. Al'adar ta girmi katsewar, ba ta kuma mutu bayanta ba: fim yana shiga waya ta hannun wani, cikin babban fayil mai suna "Korea" ko "series", ba tare da mai wayar ya san abin da ke ciki ba. Masu turawa kan haɗa na Koriya da na Sin da na Tailan a jaka ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta tantancewa ita ce a rubuta sunan fim ɗin a MyDramaList, shafin da ke nuna ƙasa, da nau'i, da shekarun masu kallo, kafin a buɗe shi a tsakar gida.

Abin da waya ke riƙewa

Wannan ɓangare ya fi lissafin data nauyi. A Tailan dokar auren jinsi ɗaya ta fara aiki ranar 23 ga Janairun 2025. A Najeriya akasin haka ne. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 kan shiga ƙungiya ko nuna irin wannan alaƙa a bainar jama'a. Zamfara kuma ita ce jihar farko da ta ƙaddamar da dokokin laifuka na Shari'a a Janairun 2000, ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, kuma sun tanadi hukunci mai tsanani kan aikata hakan. Dokar ta 2014 ba ta ambaci kallon fim a waya ba. Amma zargi ba ya jiran lauya. Guntun bidiyo a cikin hotunan waya, ko a wani zaure na WhatsApp, ya isa a yi wa mutum fassarar da za ta bi shi makaranta, da gida, da wurin neman aure, ko da bidiyon shigowa ya yi da kansa.

Kuma yana shigowa da kansa. WhatsApp na sauke bidiyon zaure ya ajiye a ma'ajiyar hotuna idan ba a kashe saukewa ta kai-tsaye ba. TikTok da YouTube kuwa ba sa tambayar niyya. Tsawon lokacin da ido ya tsaya suke aunawa. Wanda ya tsaya daƙiƙa ashirin don mamaki, a wurin manhajar daidai yake da wanda ya tsaya don sha'awa, gobe za ta kawo masa goma. Idan ba a so, a danne bidiyon a zaɓi alamar rashin sha'awa, sannan a goge shi daga tarihin kallo, domin daga tarihin ake gina abin da ke fitowa a shafin farko. Google na ba da damar dakatar da tarihin baki ɗaya, ko a sa ya riƙa goge kansa bayan wata 3, 18 ko 36. Wayar da yara ke ɗauka kuma, akwai Restricted Mode a saitin YouTube, duk da ba ya tace komai da komai.

A garuruwan da wutar lantarki ke wasan ɓuya, waya kan kwana a shagon caji, ta bi ta hannun mai gyara, ƙane ya ara ya buga wasa. Kulle allo da lambar sirri, da ɓoye abin da sanarwa ke nunawa a kan allon da ke kulle, ba alamar rashin gaskiya ba ne. Lambar banki da OPay ma ta nan suke fitowa.

Saura manhajojin da ke alƙawarin "duk fina-finai kyauta". VidMate da Snaptube ba sa Play Store. A 2019 kamfanin tsaron waya na Upstream ya ba da rahoton cewa manhajojin biyu na danna tallace-tallace a ɓoye tare da yunƙurin yi wa mutane rajistar biyan kuɗi ba da saninsu ba. Snaptube ya ɗora laifin a kan wata manhajar talla da ke cikinsa. Haka VPN na kyauta, wanda matasa da yawa suka koya lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022: yana buɗe bidiyon da aka toshe wa wata ƙasa, amma zirga-zirgar wayar ta hannun mai VPN ɗin take bi, kuma ba ya goge ko layi ɗaya daga tarihin YouTube. Tarihin yana cikin asusun Google ne, ba cikin wayar kaɗai ba. Wanda ya taɓa shiga Gmail ɗinsa a wayar aboki ko kwamfutar shago bai fita ba, abin da ya kalla yau yana iya bayyana a can. Ana duba wannan a shafin asusun Google, ɓangaren tsaro, inda aka jera duk na'urorin da asusun ke buɗe a kansu, kowace da maɓallin fitar da ita.