Ƙwallon Ƙafa Ko Na Kwando: Ina Zuciyar Ɗaliban Illela Ta Karkata?

Duk wanda ya leƙa gidajen kallon ƙwallo na Illela, garin da ke kan iyakarmu da Ƙonni, ranar da Arsenal ko Barcelona ke wasa, ya san cewa tamola ce ta mallake zukatan ɗalibanmu, na sakandare da waɗanda ke dawowa hutu daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Sai dai a ganina, abin da suka tarar ne suka runguma. Tamola fili kawai take buƙata da duwatsu huɗu a madadin raga, shi kuwa ƙwallon kwando sai da daɓen siminti da ƙarafa da mai koyarwa.

Mu tuna cewa Hakeem Olajuwon gola ne a Legas kafin a miƙa masa ƙwallon kwando. Wasan ya kai shi Jami'ar Houston a Amurka, har ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. Dogayen samari nawa muke da su a Illela da Gwadabawa waɗanda ba su taɓa ganin kwandon ba?

Ina kira ga gwamnatin Jihar Sakkwato da ta gina fili ko da ɗaya ne a kowace babbar sakandare. Bayan nan sai mu sake tambayar yaran wanne suka fi so.