In Dattijo Ya Komo Gida Daga Aikin Mafitsara

Maganarmu ta wannan mako ciwon maza ce, amma nauyinta a kanmu ya ke sauka. Ko a Roni, ko Amaryawa, ko Gwiwa, da wuya a sami unguwar da babu dattijon da fitsari ya ke ba wahala. Shi ne za ki ji yana buɗe ƙofa sau biyar ko shida kafin asalatu, buta a hannu. In ya tsuguna sai ya daɗe, fitsarin ya zo siriri, ya tashi bai ji ya gama ba. Ran da abin ya ƙi fita sam, mara ta kumbura, sai a nemi mota da tsakad dare a nufi asibitin Kazaure.

Ga abin da ke kawo wannan. Allah ya halicci namiji da wani ɗan nama a ƙarƙashin mafitsara, likitoci suna kiransa furostat. Mu mata ba mu da shi. A jikin saurayi girmansa bai fi na goro ɗaya ba, hanyar fitsari kuwa ta tsakiyarsa ta ratsa. In mutum ya manyanta sai naman ya riƙa girma, ya matse hanyar kamar an taka tiyo da ƙafa. Wajen rabin mazan da suka kai shekara 60 naman nan nasu ya ƙara girma, ko da ba duka ya ke damu ba.

Na faɗi wannan ne don a daina ɗora wa mata laifi. Ba ciwon sanyi ba ne da zai ce matarsa ta sa masa, ba kuma sammun kishiya ba ne. Tsufa ne, kamar furfura. Sarkin Ingila ma, Charles, an kwantar da shi a wani asibiti a Landan a watan Janairu na 2024 saboda wannan ciwo, ya kwana uku ya fito, kuma fadarsa ce ta sanar wa duniya don maza su je a duba su. To, abin da sarki bai ɓoye ba, ina dalilin ɓoye shi a ƙauye har mutum ya lalata ƙodarsa?

Da yawa ƙwayoyi su kan wadatar da su. In ƙwaya ta kāsa sai aiki, a nan kusa ko a tura mutum Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam, ko kuwa Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse. Wani a kan bi ta hanyar fitsari da ƙarfe a kankare naman daga ciki, ba a tsaga shi ko kaɗan. Wani kuwa, musamman in naman ya yi girma ƙwarai, a kan tsaga mara a ciro shi. Lalle ki tambaya wanne aka yi wa naku. Ki kuma sani, wanda ba a tsaga ba shi ma yana da miki ɗanye a ciki, ido ne kawai ba ya ganinsa. Shi ne ma ya fi wuyar tsarewa, don yana duba cikinsa ba ya ganin ɗinki, sai ya ce ai ya warke.

Wani a kan sallame shi da robar fitsari a jikinsa, da jaka a ƙarshenta. A nan ne kunyarmu ta kan yi ɓarna. Surukuwa ba za ta shiga ɗakin surukinta ta taɓa jakar fitsarinsa ba, shi ma ba zai yarda ba, kowa ya kau da kai har jaka ta cika ta yi tsami. Tun kafin a baro asibiti a tsai da mutum ɗaya, matarsa ko ɗansa namiji, ya tsaya gaban nas ta nuna masa yadda a ke yi. Kullum jakar ta zauna ƙasa da mararsa, don kada fitsarin ya koma ciki da ƙwayoyin cuta. Saboda haka in Baba ya saba kwana a tabarma, a mai da shi kan gado, a rataye jakar a gefe ko a sa ta cikin bokiti mai tsabta. A kula kada ya danne robar ko ta lanƙwashe. A juye jakar tun ba ta cika ba, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa da bayan an taɓa, a kuma wanke inda robar ta shiga da ruwa da sabulu kowace rana. Kada kowa ya ja robar nan, komi ta dame shi. A ƙarshenta na ciki akwai ɗan balan-balan da aka cika da ruwa don ya riƙe ta, in aka fizge sai ya yaga hanya. Asibiti kaɗai a ke cire ta, a ranar da aka rubuta a kati.

Sai maganar ruwa. Dattijon da ya shekara yana fama da fitsari ya riga ya koyi gudun ruwa, za ki kai masa ya ture. Yanzu kuwa ruwan ne ke wanke masa miki. Ya sha lita 2 zuwa 3 a yini, watau ledar fiya wata 4 zuwa 6, sai fa in yana da ciwon zuciya ko na ƙoda likita ya ƙayyade masa. Ki ba shi kaɗan-kaɗan tun da safe, ki rage bayan magariba don ya sami barci. Shayi mai kauri, da kofi, da goro, da yaji mai yawa suna tsokanar mafitsara, a sassauta su. In azumi ya riske shi cikin wannan hali a tambayi likita da malami, kada ya yi ƙarfin hali.

Ki koyi duban launin fitsarin. In ya yi ja-ja kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, ba abin firgita ba ne. Har ma bayan ya washe, wajen kwana 10 zuwa 14 da yin aiki, ɓawon mikin ya kan ɓare, jini ya ɗan dawo. Ya kwanta ya huta, ya ƙara shan ruwa. Amma in ya zo jawur mai kauri da gudaji, ko fitsari ya tsaya cak mara tana kumbura, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka kama shi, ko maraina suka kumbura, ko ɗinki ya soma fid da mugunya, ko ƙwabrin ƙafa ɗaya ya kumbura yana ciwo, to, ba a jiran gari ya waye. A koma asibiti da katinsa. Shi ya sa ya kamata a ajiye kuɗin mota a gefe, a kuma san direban da za a buga wa ƙofa.

Girki kuwa namu ne, ba mu da wanda za mu ɗora wa. Abin gudu shi ne cikinsa ya bushe, domin yunƙuri a bayan gida yana iya ɓalle mikin ya kawo jini. Ki ba shi tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka, da kwaɗon zogale ko rama, da fate mai ganye, da gwanda, da kankana in lokacinta ne. Ya zubar da jini wajen aiki, saboda haka wake da hanta za su taimaka. Dafaffen rogo da busasshen burodi a ɗaga musu ƙafa tukuna.

Abin da ya fi duka wuya shi ne tsare shi a gida. Har mako 6 ba huɗa, ba noma, ba jan guga, ba ɗaukar buhu, ba kokawa da sa ko rago. Ba hawa keke, ba hawa babur, ko da goyo ne, domin wurin da aka yi aikin daidai sirdi ya ke, ga hanyoyin ƙauyukanmu da duwatsu da gargada. Ba kuma a ce ya kwanta kamar gawa ba. Ya riƙa takawa a tsakar gida da ƙofar gida safe da yamma, yana hana jini daskarewa a ƙafa. A ganina, in likita ya ba da zaɓin lokaci, gara a yi aikin da rani bayan an kai amfani gida. Manomin da ya ji ƙamshin ruwan farko, ba matar da za ta iya riƙe shi.

Kada ki yarda a sayo masa haɗin maganin gajiya a kemis. Asfirin da ire-irensa suna sa jini ya ƙi tsayawa. In da ma likita ne ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini, a tambaya yaushe zai koma sha. Masu zuwa dubiya kowa da saiwarsa da jiƙonsa. Ki karɓa ki yi godiya, ki ajiye a bayan randa. Ku 'yan makaranta, ga aikinku: ku karanta takardar magani, ku rubuta lokutan sha a jikin kwali, ku sa alama duk sa'ad da aka sha.

Bayan an cire roba, wani fitsari ya kan ɗiga masa ba da saninsa ba, ko ya matse shi bai kai makewayi ba. Galibi ya kan daidaita cikin makonni ko 'yan watanni. Wannan ya fi ciwon cin ran dattijo, har ya daina zuwa masallaci. Ki tanadi tsummoki masu tsabta da wanduna na canji, ki wanke ki shanya ba tare da yara sun sani ba, ki sa masa fo a ɗaki da dare. Ya riƙa matse naman da mutum ke matsewa in yana riƙe iska, sau 10 a jere, sau uku a yini. Hukuncin alwalar mai ɗigar fitsari kuwa sananne ne wurin malamai, ya tambayi liman.

'Yan makaranta ku tsallake nan, da iyayenku na ke. Maigida zai ƙaurace wa shimfiɗa mako 4 zuwa 6, ko yadda likita ya ce. In ku biyu ne ko uku, rabon kwana ya zama rabon jinya, kada wata ta mai da shi abin gasa. Bayan nan akasarin waɗanda aka yi wa aikin ruwansu ba ya fitowa waje, mafitsara ya ke komawa ya fita da fitsari. Ba ya cutarwa, ba kuma shi ne mutuwar gaba ba, sai dai samun ciki ya kan yi wuya. Gidan da akwai amarya mai jiran haihuwa, ya kamata a yi wannan magana da likita tun kafin a shiga ɗakin aiki.

Naman da aka ciro a kan aika da shi ɗakin gwaji a duba. Kumburin nan ba daji ba ne, amma wani lokaci a kan sami daji a ɓoye cikinsa, in an gano da wuri ana yi masa magani. Mutane da yawa da sun ga fitsari ya sauka sai su manta da takardar. Ki tambayi ranar da sakamakon zai fito, ki sa a rubuta ta a bayan kati tare da ranar komawa ganin likita, ki ajiye katin a cikin kwallarki inda yara ba za su kai ba.