Firgicin Bazata da Iyayen Yara Masu Naƙasa a Jibiya

Firgicin bazata tsoro ne mai tsanani da ke afka wa mutum nan take: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, mutum ya ɗauka ajali ne ya zo. Yakan kai ƙololuwa cikin minti 10, sannan ya lafa da kansa. Ba ya kisa, ko da yake sau da yawa akan ɗora shi kan iska.

Uwar da ke renon yaro mai farfaɗiya ko shanyewar gaɓoɓi tana cikin masu saurin kamuwa, saboda ƙarancin barci da zaman ɗarɗar. Wata kuma fargabar rashin lafiya ke cin ta. Ciwon kai kaɗan sai ta hango mutuwa, tana tunanin wa zai riƙe yaron bayanta. A Jibiya nauyin ya ninku, domin hare-haren 'yan bindiga da rufe iyakar Nijar a 2019 da 2023 sun raunana kasuwancin da gidaje da yawa suka dogara da shi wajen sayen magani.

Idan firgicin ya taso wa mai reno, a kwantar da yaron inda ba zai faɗi ba, a zauna, a ja numfashi a hankali ta hanci, a tsawaita fitar da shi. Rage goro da shayi mai kauri yana taimakawa, haka ma karɓa-karɓar reno tsakanin miji, kaka da 'yan'uwa. Wanda ya ji ciwon ƙirji karon farko ya je Babban Asibitin Jibiya a duba zuciyarsa. Idan firgicin ya yawaita, likitocin ƙwaƙwalwa a Katsina suna magance shi ta hanyar tattaunawa da kuma magani.